Yadda Ake Zaman Jiran Sakamakon Zaɓe Ba Tare da Jini Ya Hau Ba

Ranar Asabar ake zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, amma sau uku ke nan a jere ba a faɗin wanda ya ci sai goshin asubahin Laraba. A 2015 an kaɗa ƙuri'a ranar 28 ga Maris, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, bai karanta sakamakon ƙarshe ba sai a daren da ya waye 1 ga Afrilu. A 2019 an yi zaɓe ranar 23 ga Fabrairu, Farfesa Mahmud Yakubu ya bayyana wanda ya lashe ranar 27 ga wata tun ladan bai yi kiran farko ba. A 2023 ma bai sauya zane ba: ranar 25 ga Fabrairu aka dangwala, sai ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na asubahin 1 ga Maris aka ce ga shugaba. Ke nan abin da ake kira daren zaɓe, a wurinmu dare huɗu ne cur. Wanda ya ƙarar da barcinsa da cajin wayarsa da haƙurinsa tun daren Asabar, kafin Litinin za ka same shi da jajayen idanu, yana yi wa uwargida faɗa a kan gishirin miya.

Wannan rubutu ba na ejan ɗin jam'iyya ba ne, ba kuma na jami'in zaɓe ko ɗan jarida ba. Su aikinsu ne ya hana su barci. Na mutumin da ya bi layi ne, ya yi zaɓensa, ya dawo gida yana so ya san yadda za ta kaya, cikin kwanciyar hankali da ɗan nishaɗi.

Shiri tun Alhamis ake fara shi, ba Juma'a da magariba ba. 'Yan sanda sukan hana zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 12 na daren Juma'a zuwa 6 na yammacin Asabar, kasuwa a rufe, mai shagon unguwa ma yana can kan layi. Ranar Juma'a kowa ke tuna yana buƙatar fetur, layin gidan mai sai ka rantse rabon kyauta ake yi. Ka sayi naka da wuri, ka cika tulun gas ko buhun gawayi, ka tara ruwa a randa da jarkoki domin 'yan ga-ruwa su ma suna da ƙuri'a. Ka ajiye tsabar kuɗi a hannu, ƙananan canji musamman. Wanda ya ga zaɓen 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 har takardar kuɗi ta zama abin nema ido rufe, ba ya buƙatar a maimaita masa wannan. Mai hawan jini ko ciwon suga ya duba kwalin maganinsa, ya tabbata zai kai shi mako guda.

Kuma abin da za ka saya ya zama mai jure ajiya. Daren da zai waye 16 ga Fabrairun 2019 mutane sun kwanta da niyyar sammako rumfar zaɓe, wasu ma sun yi tafiyar yini guda zuwa garuruwansu, sai suka farka suka ji hukumar zaɓe ta ɗage komai da mako guda tun cikin tsakar dare. Zaɓen gwamnoni na 2023 shi ma daga 11 ga Maris aka mayar da shi 18. Kilishi da ƙuli-ƙuli da garin kunu ba ruwansu da ɗage zaɓe. Ɗanyen naman da aka dogara da firij wajen ajiye shi, shi ne ke fara wari idan Nepa ta yi halinta.

A cikin kayan zaman nan babu wanda na fi so irin ƙaramar rediyo mai batir, irin wadda tsofaffi ke rataye a kafaɗa. Waya tana mutuwa, data tana ƙarewa, intanet yana tsayawa daidai lokacin da kowa ya danno kansa. Talabijin kuwa ba ya motsi sai da wuta. Rediyo batir biyu kawai take nema ta raka ka har Laraba. Tana da wata fa'ida kuma da ba a cika lura da ita ba: ba ta ɗaure maka ido. Kana saurare kana fifita gawayi, kana saurare kana buga dara, kana saurare ka kishingiɗa har barci ya ɗauke ka. Tashoshin gida irin su Freedom a Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna suna da wakilai a ƙananan hukumomi, su za su gaya maka abin da ke faruwa a kusa da kai. Sashen Hausa na BBC da na DW da na RFI kuma suna taƙaita maka na ƙasa baki ɗaya. Idan aka fara zaman tattara sakamako a Abuja, NTA da Channels suna nuna shi kai tsaye, a nan ne talabijin ke da rana.

Wayar ma ba za a yar da ita ba. A cika ta da caji, a cika fawa bank, a rage hasken fuskarta, a hana bidiyon WhatsApp sauka da kansa, domin a irin waɗannan darare kowane zaure ambaliya yake yi. Idan a gidan akwai wayoyi biyar, a kashe uku a ajiye, su zama guzuri.

Maganar janareta ba ta wasa ba ce. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa, kada a sa shi a soro rufe ko a lungun da hayaƙinsa zai shiga ɗaki. Abin da ke kisa a hayaƙin ba shi da wari ba shi da launi. Mutum barci kawai zai ji, shi ke nan. Haka kaskon gawayi. Ƙarshen Fabrairu sanyin hunturu bai gama tafiya ba, dare yakan yi sanyi har mutum ya so jawo kasko ciki ya rufe ƙofa. Kada a yi. A nemi bargo da hular sanyi, kaskon ya zauna a tsakar gida. Idan zaɓen gwamna ya faɗo a Maris kuwa, zafi ya fara leƙowa, tabarma a waje da maganin sauro na kunnawa sun fi ɗaki daɗi.

Yanzu ga abin da ya fi duk wani shayi da bargo sanyaya rai, wato sanin hanyar da ƙuri'a ke bi. Yawancin tashin hankalin daren zaɓe daga rashin sanin nan yake fitowa. Ƙuri'a a rumfa ake ƙirga ta, a gaban jama'a, da babbar murya. Jami'in rumfa ya rubuta adadin a takardar da ake kira EC8A, ya sa hannu, ejan-ejan na jam'iyyu su sa nasu, a ba kowa kwafi, a kuma liƙa sakamakon inda kowa zai gani. A zaɓen 2023 rumfunan sun haura 176,000. Daga rumfa sai mazaɓa, waɗanda suke 8,809 a faɗin ƙasa. Daga mazaɓa sai ƙaramar hukuma, guda 774. Daga nan sai hedikwatar jiha, sannan baturen zaɓen jihar, wanda galibi shugaban jami'a ne ko wani babban farfesa, ya ɗauki takardunsa ya nufi Abuja. Hawa biyar ke nan, kuma a kowane hawa sai an zauna an karanta, an yi jimilla, an yi gardama. Jihar Kano kaɗai ƙananan hukumominta 44 ne, wasu tafiyar sa'o'i ce daga birni. Ga wuraren da sai an shiga kwale-kwale a Neja Dalta, ga na kan duwatsu a Taraba.

Idan ka riƙe wannan a ranka, za ka gane cewa daren Asabar babu abin da ke hannun kowa sai sakamakon akwatuna. Daɗinsu shi ne tsegumi: wane ya kawo akwatin ƙofar gidansa, wane an kayar da shi a gaban mahaifiyarsa, akwatin gidan gwamnati ya juya wa mai gida baya. A ji, a yi dariya, a kurɓi shayi. Amma wanda ya ce zai gane shugaban ƙasa daga akwati ashirin, kamar mai auna damina ne da ruwan farko. Ni shawarata ita ce daren Asabar a yi barci sosai. An wuni a tsaye a rana, ƙafafu sun kumbura, kuma babu wani abu tabbatacce da zai fito kafin wayewar gari. A yi wanka da ruwan ɗumi, a ci abinci mai nauyi, a saurari labaran dare, a kashe fitila.

Lahadi ranar ƙananan hukumomi da jihohi ce, kuma da yamma ake buɗe babban zauren taro na ƙasa da ƙasa a Abuja. Ƙananan jihohi ke fara isowa. A 2023 Ekiti ce ta buɗe fage. Litinin da Talata su ne ainihin kasuwar. A nan ne nake fito da abu na biyu da na fi so, littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro biyu.

Ga yadda ake yi. A buɗe tsakiyar littafin, a ja layi 37 a kwance, jihohi 36 da Abuja. A tsaye kuma a ja gida ɗaya ga kowane babban ɗan takara, ɗaya na jimillar ƙuri'un da aka amince da su, da na ƙarshe wanda za a rubuta rubu'in wannan jimilla. Gidan ƙarshen nan shi ne gishirin wasan. Sashe na 134 na tsarin mulki bai ce yawan ƙuri'a kaɗai ke ba da shugabanci ba. Sai ɗan takara ya haɗa da kashi 25 cikin 100 a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24. Saboda haka da baturen zaɓe ya karanta jimilla, sai ka raba ta huɗu, duk ɗan takarar da ya kai wannan adadi ka yi masa zobe da jan biro. Ɗauki Kano a 2023. Ƙuri'un da aka amince da su sun kai kusan miliyan 1.7, rubu'insu ke nan wajen 425,000. Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Zobe biyu za ka yi a wannan layi, na Kwankwaso da na Tinubu. Da an wuce jiha ashirin, littafinka zai fara gaya maka abin da masu sharhi a talabijin ke ta kewaye-kewaye a kai.

A ba yaran gida aikin. Mai aji shida ya riƙa raba huɗu, 'yar sakandare ta riƙa jimilla, wani ya nemo jihar a taswira. Yaron da bai taɓa sanin inda Ebonyi take ba, a daren zai sani. Idan akwai dattijo a wurin, a tsokano shi da labarin 1979, lokacin da jihohi suke 19 kuma kashi biyu bisa ukunsu ya tashi sha biyu da ɗigo. Shehu Shagari ya samu rubu'i a jihohi 12, a ta goma sha uku kuwa, wato Kano, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20. Awolowo ya garzaya kotu, lauya Richard Akinjide ya kawo lissafinsa na sha biyu da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari. Irin wannan gardama ta sake tasowa a 2023 a kan ko dole ne a samu rubu'i a Abuja, kotun ta ce ba dole ba ne. Labari ɗaya irin wannan daga bakin wanda ya ga zamanin ya isa cinye hutu guda.

Hutu kuwa akwai shi da yawa. Zaman Abuja a hankali yake tafiya. Farfesa zai zo ya gabatar da kansa, ya karanta yawan masu rajista da waɗanda aka tantance, sannan ya bi jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa, har da waɗanda ba su samu ƙuri'a ɗari ba. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, ka ƙiyasta tsawon karatun. Ana gama jiha uku ko huɗu sai shugaban hukuma ya ce an ɗage zama sai ƙarfe kaza, kuma ƙarfe kazan nan ba safai take cika ba. Wani lokaci zauren da kansa yake ba da nishaɗi. A 2015 sai da aka kawo wa farfesan da ya zo da sakamakon Ribas fitila don ya ga rubutu. A zaman shekarar nan ne kuma tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe abin magana yana ta ɗaga murya, Jega yana zaune bai ko motsa ba har mutumin ya gaji. A 2023 Dino Melaye da wasu ejan-ejan suka fice daga zauren. Amma tsakanin irin waɗannan akwai sa'o'i na jira zalla, su ne ake cikewa.

Ni da shayi nake cike su, shayin ƙaramar buta irin na Buzaye, wanda ba ya son gaggawa. A hura gawayi ya yi ja, a zuba ɗan kofi guda na koren ganye a butar, a ɗauraye shi da ruwan zafi a zubar don ƙura da ɗacin banza su fita, sannan a sa ruwa a bar shi ya yi ta tafasa a hankali. Idan ya yi duhu a sa sukari, a riƙa tsiyayo shi daga sama cikin ɗan kofin gilashi ana mayarwa, har kumfa ta tsaya a bakin kofi ba ta faɗawa. Dahuwa uku ake yi da ganye ɗaya. Ta farko mai ɗaci ce, ta masu ƙarfin zuciya. Ta biyu ita ce daidai, a nan ake jefa na'ana'a ko 'yar citta da kanumfari. Ta uku zaƙi ne kawai, har yara suna iya lasa. Kafin a gama zagaye ukun an ci sa'a biyu ba a sani ba. Sai dai a kiyaye, shayin nan yana korar barci, yana kuma sa bugun zuciya. Mai hawan jini ya haƙura da dahuwar farko. Bayan ƙarfe goma na dare a koma kunun gyaɗa ko na tsamiya, masu ɗumama ciki su kuma kwantar da mutum. Lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa, ban ga amfaninsa ga mai zaune a tabarma ba.

Abin taɓawa ya zama mai ɗaukar lokaci. Gyaɗa mai ɓawo ta fi ɓararriya, saboda hannu yana samun aiki. Aya, rake, dabino, ɗan kilishi ana yaga kaɗan-kaɗan. Idan akwai hali a aika a sayo tsire da gurasa tun kafin isha'i, a ci da zafinsa. Abinci na sosai kuwa a yi shi tukunya guda da rana, dafa-duka ko ɗanwake, yadda mai jin yunwa zai ɗiba da kansa. Malam, uwargida ita ma ta bi layin nan, ita ma tana da ɗan takara, kuma tana so ta ji Kaduna da Katsina da kunnenta. Ba daidai ba ne ka tara abokai goma a zaure kana aika yaro cikin gida kowane rabin sa'a a dafa wannan a soya wancan. Duk wanda zai zo zaman ya zo da ledarsa.

Ƙwallayen dabinon da aka ci kada a zubar, 'ya'yan dara ne. A haƙa gurabe 30 a ƙasa, biyar a tsaye shida a kwance, ko a zana su da gawayi a kan siminti. Mutum biyu, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya ƙwallon dabino ɗaya tsakuwa ko guntayen kara. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa lokacin, ba a yarda ka jera uku tun a dasawa ba. Idan an gama sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk sanda ka jera uku a layi, ka ci, sai ka cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi. Abin da ya sa dara ta dace da wannan zama shi ne ana iya barinta a tsakiya. Da an ji shugaban hukuma ya dawo kujerarsa sai kowa ya juya ga talabijin, gurabe suna nan suna jira. Ludo da karta ma suna yi, sai dai sun fi hayaniya, kuma kada a sa ko sisi a kai. Mata da yara idan sun gaji da lambobi, a saukar musu da 'yan fina-finai a waya tun kafin ranar. Wanda ke son siyasa ko a cikin nishaɗi, shirin Kwana Casa'in na Arewa24 yana nan, inda maguɗin na wasa ne kuma ba mai zubar da jini. Tatsuniya da kacici-kacici kuwa ba sa cin caji.

Sai maganar da ta fi kowace wahala, wato waya da abin da ke shigowa cikinta. Za a turo maka takarda mai tambarin hukumar zaɓe da lambobi reras tun ana kan layi. Za a turo muryar wani yana haki yana cewa ga shi a gaban ofishi ana canza sakamako. Za a turo bidiyon ƙone-ƙone wanda watakila na wata shekara ne, ko ma na wata ƙasa. Kafin ka tura wa wani, ka tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, kuma wace tasha ce mai suna ta maimaita. Idan amsar ita ce "an ce", a bar shi a inda yake. Hukumar zaɓe tana da shafin IReV inda ake ɗora hoton takardar kowace rumfa. A 2023 na shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa, amma duk da haka wuri ne da za ka duba akwatinka ka gwada da abin da ka gani an liƙa a bango. Ka kuma sani cewa baturen zaɓe kaɗai doka ta ba ikon cewa wane ya ci. A Adamawa, ranar 16 ga Afrilun 2023, kwamishinan zaɓen jihar ya tashi ya ayyana A'isha Binani tun ba a gama tattarawa ba, hukumar ta soke sanarwar, bayan kwana biyu aka bayyana Ahmadu Fintiri. Idan sanarwar babban jami'i a gaban kyamara za ta iya rushewa, ina ga saƙon da ɗan uwan abokin maƙwabcinka ya turo?

Ka sa wa kanka lokutan duba waya, misali bayan kowace salla, sauran lokacin ka kife ta. Zauren da ya fi zafi a rufe bakinsa na kwana huɗu. Ba wanda zai rasa kujera don ba ka mayar da martani ba.

A zaɓen gwamna, wanda yawanci sakamakonsa kan fito Lahadi ko Litinin, akwai ƙarin abu guda da ya kamata a sani kafin a fara kiɗa. Idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana kowa, sai an sake zaɓe a waɗannan wurare. Haka ta faru a 2019 a jihohi shida: Kano, Sakkwato, Bauci, Adamawa, Binuwai da Filato. A Kano Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a dubu 26 da 'yan kai aka ce inkonkulusib, bayan zagaye na biyu ranar 23 ga Maris aka bayyana Abdullahi Ganduje da ratar da ba ta kai 9,000 ba. A Sakkwato ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Tambuwal da abokin takararsa. Don haka a littafinka ka ƙara gida ɗaya na masu zaɓen rumfunan da aka soke, ka riƙa gwada shi da rata.

Gida ɗaya yakan haɗa jar hula da tsintsiya da lema, wa da ƙane kowa da nasa. A yi yarjejeniya tun kafin a zauna: tsokana halal ce, zagin iyaye da gori haramun. Wanda jam'iyyarsa ta faɗi shi zai wanke kofunan shayi, iyakar hukuncin ke nan. Kada a yi rantsuwa, kada a yi alwashi cikin zafin dare. An ga wanda ya taka a ƙasa daga Legas har Abuja bayan zaɓen 2015 don cika alkawarin da bakinsa ya ɗauka. Shi ya samu kyamara da tarba, kai wataƙila kumburin ƙafa kawai za ka samu. Idan kana da maƙwabci baƙo, ɗan kudu ko mabiyin wani addini, wanda ka ga ya rufe shago ya shige ɗaki da wuri, ka aika masa da kofin shayi, ka ce masa ƙofarka a buɗe take. Yana da dalilin fargaba. Bayan zaɓen Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 800 suka mutu cikin kwana uku a jihohin arewa 12, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Bauci.

Daren Talata ne kaɗai ya cancanci a raya shi, shi ma ga mai so. Zuwa lokacin littafinka ya riga ya nuna inda aka dosa. A 2015 tun da yammacin Talata Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna, sa'o'i kafin sanarwa. Dabara ita ce a yi isha'i a kwanta, a sa wayar ta tashe ka ƙarfe uku, a ɗora ruwan kunu, a kunna rediyo. Idan an yi sanarwar ka ji da kunnenka, ka yi alwala ka tafi masallaci. Idan barci ya fi ƙarfinka, labaran safe za su gaya maka abu ɗaya, lambobin ba za su canza don ba ka nan ba.

Abu na ƙarshe ga iyaye. Safiyar sanarwa ta fi daren haɗari. Samari sukan fito da babura da motoci suna wasan ganganci a titi, a hau mutum huɗu a babur ɗaya, a zauna a tagar mota ana gudu, kuma an sha kai gawarwaki da karyayyu asibiti daga irin wannan murna. Waɗanda aka kayar kuma ransu a ɓace yake, kalma ɗaya ta isa. Idan an sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a Kano bayan sakamakon gwamna a Maris ɗin 2023, a bi ta. Tun daren Talata ka karɓe mukullin babur ɗin ɗanka ka sa a aljihun rigarka, kada ka mayar masa sai Alhamis.